Akwatin Sanyi na Ungwan Kanya

Samarin Ungwan Kanya sun kama Nuru mai kaji ranar Talata da hantsi, suka ce shi ya sace akwatin asibiti.

Ba su doke shi ba. Sun dai riƙe masa wuyan riga, suka zaunar da shi a ƙasa a ƙofar Mai Unguwa, a garin da aka haife shi aka haifi ubansa. Kakansa ne ya fara kasa gishiri a kasuwar nan tun kafin mota ta san hanyar Fadan Kagoma. Ranar nan ba wanda ya tuna.

Ga yadda abin ya faro. Da damina ta kankama, zawo da zazzaɓi suka kwantar da yara. Ma'aikatan lafiya suka zo daga Kafanchan suka raba ƙananan kwalabe, hamsin a Ungwan Kanya, hamsin a Tudun Maɗaci da ke ƙetaren rafi. Kowane gida a sa ɗan bahaya a ciki a mayar musu. Da sakamako ya fito, an sami ƙwayar cutar da suke kira salmonela a kwalba arba'in da ɗaya na Ungwan Kanya. A Tudun Maɗaci, biyu kacal. Rafi ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci. Mutane suka nemi abin da ya raba su, suka ga Ungwan Kanya na da Nuru da kajin gidan gonarsa ɗari uku, Tudun Maɗaci ba su da shi.

Ma'aikatan suka ce a sake gwaji kafin a zargi kowa. Safiyar Talata aka jera sababbin kwalabe hamsin cikin shuɗin akwatin sanyi, da ƙanƙara. Godspower, ɗan acaɓan da ke kai su Kafanchan, ya ajiye akwatin a barandar ƙaramin asibitin gari ya tafi shan shayi. Ya dawo bai same shi ba.

Mai Unguwa ya yanke magana. In akwatin bai fito ba zuwa la'asar ɗin Alhamis, Nuru ya kwashi kajinsa da iyalinsa ya bar gari. Sannan ya aika a kira Kumai.

Kumai ya haura saba'in. Bai zauna a aji ba sai na coci ranar Lahadi. Maharbi ne tun daji na daji, da namun suka ƙare ya koma bin sawun ɓarayi. Ya taɓa bin saniya tun daga gonar citta har Kasuwan Magani, ya nuna ta cikin shanu ɗari. Ba ya doguwar gaisuwa.

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, amma samari sun tattake gaban asibitin kamar masussuka.

"Wa ya fara bin sawun?" in ji Kumai.

"Mu ne, Baba," in ji Clinton, shugaban matasa. "Ya tafi kai tsaye har dangar Nuru."

"Sawu kuka bi, ko Nuru kuka bi?"

Kumai ya ɗaga sanda ya nuna musu inuwa.

"Ku koma inuwa. Wanda ya biyo ni, sandar nan ce za ta gaishe shi."

A bayan asibitin, gefen da ruwan kwano ke zuba, ya sami sawu ɗaya da ba a taka ba. Takalmin roba ne mai dogon wuya, ƙafar hagu. A dunduniya akwai faci mai kusurwa uku.

Kumai ya tsuguna. Ya san facin. Shi ya yanko shi daga tsohuwar tayar keke, shi ya ɗinke shi da waya, ya ba abokin farautarsa Yafet. Yafet kuwa ya shekara shida a kabari. Kumai ne ya zuba masa ƙasar farko. Ga shi yau ya taka ƙasa bayan ruwan asuba.

Ya cire tsoro ya duba da idon aiki. Gaba kaɗan ga sauran sawun, takun gajere ne. Gaban takalmin bai danna ƙasa ba, ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Ƙafar dama ta fi nutsewa, an ɗora kaya a kwankwason dama ke nan. Yafet ya bar ɗa guda, Clinton ɗin nan mai baki. Kumai ya waiwaya ya dube shi a inuwa, ya riƙe zarginsa a ciki.

Sawun ya bi ta dangar Nuru, gaskiya ne. Amma bai shiga ba. Ya wuce ya hau falalen dutse, inda samari suka ga ba komai suka juya.

An sallami Nuru ya je ya shirya. Kumai ya same shi yana ɗaure kejin kaji da igiya.

"Baba Kumai, sannu da zuwa. A kawo ruwa?"

"Me kake ba kajinka?"

Nuru ya buɗe masa buhu. Niƙaƙƙen abinci ne na kamfani, rawaya.

"Suna fita kiwo?"

"Tun suna 'yan tsaki ba su taɓa taka ƙasar waje ba."

"Ka ɗauki akwatin?"

"Ban ɗauka ba."

"To me ya sa kake ɗaure kaya?"

Nuru ya saki igiyar. "Baba, yaron da ya shaƙe min wuya, ni na ɗauki uwarsa a babur ranar da za ta haife shi. Wannan bai dame ni ba kamar ɗayan. Arba'in da ɗaya, Baba. In kajina ne suke kwantar da yaran mutane, ai gara in tafi da ƙafata."

Kumai ya dubi ƙafar. Ƙatuwa ce, da ta shiga takalmin Yafet da ta yaga shi.

"Ɗaure a hankali," ya ce, ya fita.

Godspower na zaune kan babur ɗinsa a gindin mangwaro yana karkaɗa ƙafa. Kumai ya tsaya a gabansa, ya dogara kan sanda, bai ce komai ba. Haka yake yi. Mai abu a ciki ba ya jure shirun.

"Baba, minti goma ne kawai. Shayi na je sha."

Shiru.

"Allah ya sani ban taɓa akwatin ba."

Shiru.

"To, na wancan karon ne, ko? Wani ya gaya maka." Ya rage murya. "Na Ungwan Kanya na kai shi cikin awa ɗaya, ƙanƙara bai ma narke ba. Na Tudun Maɗaci kuma Jumma'a ne na karɓa, rafi ya cika, kafin in ƙetare an tashi aiki. Ya kwana a ɗakina har Litinin. Na zubar da ruwan ɗumin na sayi sabon ƙanƙara a hanya. Baba, kada Sista mai gwajin ta ji, za ta kore ni."

Ba wannan Kumai ya zo nema ba, amma ya ajiye shi.

"Wa ya ba ka kwalaben yau?"

"Mama Afiniki. Ita ke rabawa ita ke tarawa, ta hanyar Zumuntar Mata ta coci. Maza ai ba su yarda a yi musu maganar ba."

Afiniki matar marigayi Yafet ce, uwar Clinton.

"Me kuka ce da juna?"

"Ba komai. Ta tambaye ni wai ina cutar yake zama. Na ce Sista ta ce hanjin kaza ne babban gidansa. Sai ta zauna kan turmi ta yi shiru. Na ɗauka gwiwanta ne ya motsa."

Dutse ba ya riƙe sawu, amma yana riƙe laka. Kumai ya bi falalen a sunkuye, ɗigon jar laka nan, wani can, tazarar gajeren taku. A ƙarshen dutsen ciyawa ta kwanta gefe ɗaya. Bayanta akwai wani tsohon suri, tsayinsa ya fi mutum.

A gindin surin an kife tukunyar ƙasa. Tarkon gara ne. Matan garin kan cusa karan dawa da busasshen kashin shanu a tukunya, su yayyafa ruwa, su kife a bakin ramin gara. Da safe sai su tarar ta cika, su kai wa kaji. Wanda ya ɗauki akwatin ya san hanyar nan kamar hanyar ɗakinsa.

Akwatin na cikin kogon surin, an rufe shi da ganyen ayaba. Kwalabe hamsin cif, kowace da lambarta.

Nan Kumai ya tsaya. A garin nan abin da ya fita daga jikin mutum ba a ba baƙo shi, ba a kuma taɓa na wani. Gashi, farce, cibiyar jariri, duk binnewa ake yi. Haka kakanni suka bari. Coci ya zo ya kawar da abubuwa da yawa, bai kawar da wannan ba. Shi kansa da aka kawo kwalba gidansa, ɗakinsa ya shige ya bar jikarsa da ita. Bai tambayi yadda aka yi da ita ba.

Ya naɗe hannu da ganye ya buɗe ɗaya. Warin ne ya fara gaya masa. Ya juye kan ganyen ayaba ya baza da tsinke. An dama shi da wani abu kamar sauran tuwo, amma ga ɗan farin zare a ciki, ga kuma wani ƙanƙanin abu mai tauri, ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar acca ba. Idonsa ya tsufa, bai iya rantsewa a kai ba. Ya buɗe ta biyu, ta uku, har biyar. Duk ɗaya.

Ya sa kwalba biyu a aljihu, ya mayar da ganyen, bai gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba Godspower ya kai shi Kafanchan. Mai gwajin wata mace ce siririya cikin farar riga, sunanta Hephzibah, ita ce Sistar da ake faɗa. Ta ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Nuna mini yadda kike kama abin."

Ta dube shi, ta ga ba wasa ya zo yi ba. Ta ɗauko wani ɗan faranti mai murfi, cikinsa jan abu kamar daskararriyar miya.

"Baba, ido ba ya ganin ƙwayar. Sai mu ba ta abinci. Mukan ɗebo kaɗan daga kwalba da bakin waya, mu ja layi a nan, mu rufe, mu sa a cikin akwati mai ɗumin jikin mutum. Ta kwana tana haihuwa. Da safe ɗaya ta zama tsibi. Ka ga baƙaƙen ɗigon nan? Ita ce kan bar wannan baƙin."

Kumai ya sunkuya. Ɗigon sun jeru bisa layin wayar, da yawa a farko, suna raguwa, har suka zama ɗai-ɗai kamar garke da ya watse a fili.

"Wannan sawu ne," ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Kin kafa mata tarko, kin bar ta ta kwana, kin zo da safe kin karanta."

"Haka ne."

Ta ɗiga ruwa a kan gilashi, ta sa a madubin likita, ta nuna masa inda zai ɗora ido. Da farko haske kawai ya gani. Sai hasken ya cika da motsi. Ƙananan sanduna ne, ba iyaka, suna iyo suna juyawa suna karo da juna kamar 'ya'yan kifi a ƙarshen damina, duk a cikin ɗigon da bai kai hawaye ba. Kowace da inda ta nufa.

Kumai ba ya cire hula sai a coci. Ya cire ta.

"Shekara saba'in," ya ce a hankali, "ina cewa na san duk abin da ke tafiya a ƙasar nan."

Ya daɗe kafin ya ɗago. Sannan ya zaro kwalba daga aljihu.

"Yanzu ke ki duba nawa. Ba ƙwayar ba. Wannan ɗan tsakin."

Ta wanke shi ta sa a ƙarƙashin madubin, ta leƙa, ta ja da baya. Kumai ya leƙa. Kai ne, girmansa kamar na akuya, yana sheƙi, da muƙamuƙi biyu kamar lauje.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Kan gara. Kaza na narkar da jikin, kan ba ya narkewa."

"Amma mutane ma suna cin gara."

"Shinge suke ci, mai fiffike, a soye. Wannan na cikin suri ne, kaji ake ba. Farin zaren nan kuma fitsarin kaza ne. Ita tare da kashi take fitar da shi."

Hephzibah ta buɗe firij ta ɗauko ragowar gwajin farko na Ungwan Kanya. Ta duba goma. Bakwai na da kan gara. Ta zauna a kujerar da ya ƙi.

"Ƙwayar nake nema, Baba, na kuwa same ta. Ban taɓa tambayar kwalbar ko ta wace ce ba. Na ga lamba na yarda da lamba. Da ido kawai ka gane?"

"Da hanci."

Ya kira Godspower daga ƙofa ya sa shi ya maimaita maganar jiya. Hephzibah ta dafe kai. Ta ce kwana uku cikin zafi, ƙwayar kan mutu, ko wasu su rufe ta har a kasa ganinta.

"Wato a garinmu kaza kika gwada," in ji Kumai, "a Tudun Maɗaci kuma mushe."

"Na riga na aika lambobin sama. A taswirarsu an shafa wa garinku ja, an shafa wa Tudun Maɗaci kore."

"Ki zo gobe da la'asar ki goge."

Safiyar Alhamis ya shiga gidan Yafet. Afiniki na tsakar gida tana juye tukunya, kaji na rububin gara a ƙafafunta. Takalmin na jingine a bango, an wanke shi fes.

"Matar Yafet."

"Abokin maigida. Ka ci abinci?"

"Takalmin nan ya yi miki yawa."

Ba ta waiwayo ba. "Shekara shida yana yi mini yawa. Yana hana gara cizona."

Ya zauna kan turmi. Ta gama juyewa, ta kakkaɓe tukunyar, ta zauna ita ma.

"Na tsaya gaban Fasto na yi wa Sista alkawari hamsin za su dawo," ta ce. "Sai mata suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kwalba a ƙulle a bakin zane, ba komai ciki. Wannan ta ce, Mama, da wane baki zan ce wa surukina ya tsuguna kan kwalba? Waccan ta ce, Mama, a kai cikin ɗana Kafanchan, hannun wa zai faɗa? Har jikarka ta zo."

Ta ci gaba.

"Na ce kashi ai kashi ne. Kajina lafiyarsu ƙalau, za a duba a ga lafiya a ƙyale mu. Da sakamako ya fito na ce injinsu ne ya yi kuskure, na sake cikawa. Sai yaron nan ya ce mini hanjin kaza ne gidan cutar. Na bi shi na ɗauke akwatin don kada ya sake faɗa wa Nuru a kai. Sai ya faɗa masa fiye da na farko."

"Kwana biyu kina kallo yana ɗaure kaya."

"Shekara ashirin ina tsayawa gaban mata ina cewa kada a yi ƙarya. Ɗana ne kuma ya riƙe masa wuya. Ka gaya mini ta ina zan fara."

Kumai ya miƙe. "Zan ajiye akwatin a gaban jama'a. Zan faɗi abin da ke ciki. Sunan mai takalmi ba zai fito daga bakina ba, don Yafet. Amma in ba suna, za su ce Nuru ne ya aika wani. Kin san su."

Da la'asar gari ya taru a ƙofar Mai Unguwa, maza a gaba, mata a baya. Motar a-kori-kura na tsaye a gefe, an loda kejin Nuru da katifu an ɗaure da igiya. Hephzibah ta zo. Kumai ya sa aka zuba bokiti biyu na ruwa a kan yashin fili aka share shi sumul. Sannan ya ajiye shuɗin akwatin.

"A ina ka samu, Baba?" in ji Clinton. "Bayan gidan Nuru, ko?"

"Bayan gidan Nuru da taku ɗari huɗu. Nuru, taka ka wuce. Godspower. Kai ma, Clinton."

"Ni, Baba?"

"Da kai na fara zargi. Taka."

Suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Kumai ya auna da sanda. "Mai akwatin takunsa rabin wannan ne. Babu shi cikin ukun nan."

Hephzibah ta miƙa wayarta, hoton kan garar na ciki. Wayar ta bi hannu-hannu. Dattawa suka riƙa nisanta ta da fuska suna matso da ita. Wani ya ce wannan ai dodo ne. Da aka ce gara ce, irin wadda suke takawa kullum, sai kowa ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

"Daga kwalabenku ya fito," in ji Kumai. "Na farko da na biyu. Ba na mutum ba ne ko ɗaya, na kaza ne. Kazar kuma mai cin gara. Kajin Nuru ba su taɓa ganin gara ba. Kajin wa ke cin gara a garin nan?"

Wani ya yi dariya ya ce na kowa. Dariyar ba ta sami abokiya ba. A baya, mata sun sunkuyar da kai.

"To Nuru ya biya wani ya yi masa," in ji Clinton. "Faɗi sunan, Baba."

Kumai ya dogara kan sanda ya yi shiru.

Sai aka ji takun roba, laɓ, laɓ. Mata suka dare. Afiniki ta fito da kayan Zumunta a jikinta da takalmin mijinta a ƙafa. Ta bi ta tsakiyar yashin a hankali har gaban Mai Unguwa. A bayanta, kowane sawun hagu da faci mai kusurwa uku.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Ni na cika, ni na ɗauke." Ta juya. "Nuru, ɗana, na cuce ka."

"Mama," in ji Clinton.

Wata mata ta miƙe a baya. "Ni na kai mata tawa ba komai ciki." Wata ta miƙe. Jikar Kumai ta miƙe. Kafin a jima babu macen da ke zaune. Maza suka rasa inda za su sa ido, don kowa ya san wa ya shige ɗaki ya bar mace da kwalba.

Mai Unguwa ya yi gyaran murya. "Sista, wato kajin Nuru ba su da cutar?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba. Ba mu gwada su ba. Ba mu gwada kowa ba, nan da Tudun Maɗaci. Yara kuma suna kwance a duka biyun. Na zo da sababbin kwalabe. Kowa ya kawo da hannunsa, ni zan ɗauka da kaina."

Ta buɗe jaka. Ba wanda ya motsa.

Kumai ya tuna da ɗigon nan da abin da ke iyo a ciki. Wadda ta san hanyar irin wannan daji, ya ga ba baƙuwa ba ce. Ya tako ya miƙa hannu a gaban kowa.

"Ba ni ta farko."

Dattawa biyu suka bi shi, fuska a murtuke. Sauran suka yi layi.

Mai Unguwa ya dubi Afiniki tsaye cikin takalmin, ya dubi samari da kunya ta fara juye musu zuwa fushi, ya dubi motar da aka riga aka loda. Ya sassauta murya.

"Nuru, an zalunce ka, kowa ya gani. Amma ka ji Sista, ba a san na kajinka ba tukuna. Zukata kuma da zafi. Tunda kaya na kan mota, ka je wajen ɗan'uwanka a Kafanchan sati biyu, sakamako ya fito, ka dawo da mutuncinka. Don zaman lafiya."

Wasu suka gyaɗa kai. Hanya ce mai sauƙi. Kumai ya san irin sati biyun nan, ya ga masu tafiyarsa da yawa, bai ga sawun dawowarsu ba. Amma ba shi aka tambaya ba.

Nuru ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya je wajen Hephzibah.

"Sista, ba ni biyu. Ɗaya tawa, ɗaya ta kajina. In suna da ita, a filin nan zan yanka su in binne."

Ya sa kwalaben a aljihu. Ya je jikin motar ya kama ƙullin igiyar ya warware, ya sauke kejin farko ya ajiye a ƙasa.

"Nuru," in ji Mai Unguwa, "ka ji abin da na ce?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Ba zan tafi ba."